Waɗanne Fina-finan Dokumentari Zan Fara Da Su?

Tambaya: Malam, na gama bautar ƙasa ina zaman jiran aiki, dare yana yi mini tsawo. Na gaji da fassarar Indiya da masu dogon zango. Ina son kallon dokumentari a kan tafiye-tafiye, addini da tarbiyyar ruhi, tattalin arziki da kuma fasahar zamani. Daga ina zan fara?

Amsa: Ƙanena, Allah Ya kawo aiki mai albarka. Na yi shekaru ina nuna wa ɗalibai irin waɗannan fina-finai, wata rana da majigi da janareta, wata rana mutum talatin sun yi cincirindo a kan kwamfuta ɗaya. Waɗanda zan ambata maka su ne waɗanda na ga an tashi daga kallonsu ana gardama har bakin ƙofa.

Amma bari in fara da abin da nake fara gaya wa ɗalibai. Mukan ce gani ya kori ji, shi ya sa mutanenmu ke ɗaukar dokumentari kamar shaidar gani da ido: tunda kyamara ta ɗauka, magana ta ƙare. To kyamarar nan a hannun wani take, wani ne ya biya kuɗin jirgi da masauki, kuma daga awoyi masu yawa da aka ɗauka, awa ɗaya da rabi ce kawai ta tsira daga almakashin mai tacewa. Dabarar da nake bi ita ce kallon fim bibbiyu a kan batu ɗaya, na baƙo da na ɗan gida, ko na mai yabo da na mai suka. A haka zan jero maka su duk inda ya yiwu.

A ɓangaren tafiya, fara da Sahara with Michael Palin, wanda BBC ta fitar a 2002 kashi huɗu. Palin ɗan wasan barkwanci ne na Ingila, mutum mai sauƙin kai da ba ya raina abincin kowa. Ya tsallako daga Jibralta zuwa Maroko, ya gangara Muritaniya da Senegal, ya shiga Mali ya ga masallacin Djenne da Tambutu, ya iso Ingal lokacin taron makiyaya na shekara inda Fulani Woɗaaɓe ke kwalliyarsu da rawarsu, sannan ya bi ayarin raƙuman Abzinawa masu zuwa ɗauko gishiri cikin Tenere. In ka taɓa ganin kantun gishirin Bilma a kasuwa ana saya wa dabbobi, a nan za ka ga wahalar da ake sha kafin ya iso. Wani abin da ke sa ni jimami duk lokacin da na sake kallonsa shi ne yawancin hanyoyin da ya bi da ƙafa da mota yanzu rashin tsaro ya rufe su, fim ɗin yawon buɗe ido ya koma fim ɗin tarihi. Aibinsa ɗaya: Palin ne tauraro, mutanen Sahara kuwa yana wucewa ne ta gabansu yana ɗaga musu hannu.

Abokin tafiyarsa a wurina shi ne Jaguar na Jean Rouch, kuma shi na fi so. An fara ɗaukarsa a 1954, bai fito ba sai 1967. Samari uku daga Nijar, Damouré da Lam makiyayi da Illo masunci, suka kama hanyar Gwalkwas, Gana ta yau, neman kuɗi. Cin rani ke nan irin wanda kakanninmu suka yi har zangon Kumasi ya cika da Hausawa da Zabarmawa. Kyamarar Rouch ba ta ɗaukar murya a lokacin, sai bayan shekaru ya zaunar da su a gaban hotunan suna kallon kansu suna sharhi, suna tsokanar juna, suna cika baki. Wannan hirar ita ce muryar fim ɗin. Za ka ga sun yi dako da aikin katako a Akra, sun buɗe ɗan teburin koli a kasuwar Kumasi, sannan kafin damina suka koma gida suka rabar da tsarabar da suka yi watanni suna tarawa cikin ɗan lokaci kaɗan. Duk wanda ya taɓa komawa ƙauye daga Legas ko Fatakwal da jaka cike ya wayi gari ba ko sisi, zai yi dariya ya yi shiru. Rabinsa wasa ne da aka shirya, kuma Rouch bai ɓoye hakan ba. Bafaranshe ne, amma ya bar masu waƙar su rera abarsu. A Nijar ɗin ma ajali ya same shi, a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka binne shi a Yamai.

In kana son tafiya cikin tarihin nahiyar, akwai Africa na Basil Davidson na 1984, wanda a wani kashinsa ya shiga Kano zamanin Sarki Ado Bayero, da kuma The Africans: A Triple Heritage na Farfesa Ali Mazrui ɗan Kenya, kashi tara, 1986. Mazrui ya gina shirinsa a kan cewa gado uku ne suka haɗu suka yi Afirka ta yau: gargajiya, Musulunci da Turai. Ya caccaki mulkin mallaka har wata hukumar gwamnatin Amurka da ta zuba kuɗi a aikin ta sa aka cire sunanta daga jikin shirin. Ka ga abin da nake nufi da tambayar wa ya biya.

Ta fuskar addini, wanda ban taɓa nunawa ba tare da wani ya share hawaye ba shi ne Koran by Heart na 2011. Ya bi yara uku 'yan shekara goma zuwa musabaƙar Alƙur'ani ta duniya a Alƙahira cikin azumi: yaro daga Tajikistan, yarinya daga tsibiran Maldives, da wani yaro ɗan liman daga Senegal da aka turo shi kaɗai ba rakiya. Dukansu sun haddace, ba kuma wanda ke jin Larabci a cikinsu. Na Tajikistan muryarsa ta sa alƙalai kuka, amma da ƙyar yake karatu da rubutu a harshen ƙasarsu. Yarinyar kuwa ƙwaƙwalwa ce da ita a lissafi da kimiyya, uwarta na son ta yi nisa a boko, ubanta na ganin makomarta zaman gida ne. Mu da muke da musabaƙar ƙasa wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, muke kuma da tsangayu a kowane lungu, gardamar da ke cikin fim ɗin tamu ce: mene ne ya kamata ya biyo bayan hadda? Daraktan ba Musulmi ba ne, amma bai yi wa yaran izgili ba, bai kuma yi musu fadanci ba.

Inside Mecca na National Geographic, 2003, ya bi alhazai uku daga Amurka, Afirka ta Kudu da Malesiya. Yana da amfani ga maniyyaci, ko da yake gine-ginen Harami sun canza ƙwarai tun daga lokacin. Touba na 2013 kuma ya nuna taron Magal na Muridawan Senegal, wanda ake yi don tunawa da ranar da Faransawa suka kori Shehu Ahmadu Bamba zuwa Gabon a 1895.

Akwai wanda zan ba ka shawara a kai, na san kuma za ka yi mamaki. Sunansa Into Great Silence, 2005. Wani Bajamushe, Philip Gröning, ya nemi izinin ɗaukar fim a gidan wasu ruhubanawan Kirista da ke can cikin tsaunukan Faransa, mutanen da suka ɗauki alƙawarin yin shiru mafi yawan rayuwarsu. A 1984 ya aika da wasiƙa. Sai bayan shekara 16 suka amsa masa cewa yanzu sun shirya. Ya zauna tare da su wata shida, shi kaɗai, ba fitilar ɗaukar hoto, ba kiɗa, ba mai sharhi. Kusan awa uku kana kallon mutum yana yanka burodi, yana aske wa ɗan'uwansa kai, yana durƙuso a ɗakinsa, dusar ƙanƙara na zuba a waje. Minti ashirin na farko za ka ji kamar ka kashe. In ka daure, sai ka fara jin ƙarar numfashinka. Aƙidarsu daban da tamu, ba kuma ruhubananci a Musulunci, amma wanda ya taɓa shiga i'itikafi a goman ƙarshe ya san abin da shiru ke yi wa zuciya, zai kuma gane fuskokin nan.

Kishiyarsa ita ce Kumaré na 2011. Wani saurayi Ba'amurke ɗan asalin Indiya ya tara gemu, ya sa jan mayafi, ya ari karin harshen kakarsa, ya tafi jihar Arizona ya ce shi babban shehin ruhi ne. Addu'o'in da yake koyarwa shi ya ƙirƙiro su. Mutane masu ilimi da sana'a suka bi shi, suna gaya masa sirrin aurensu, wasu suna rantsuwa rayuwarsu ta gyaru. Wahalar da ya sha kafin ya iya fitowa ya ce musu ƙarya yake yi ita ce zuciyar fim ɗin. Ba sai na ce maka komai game da masu tallan "taimako" a rediyo da TikTok ba, kai ma za ka tuna da su. In ka ji daɗinsa ka ɗora da Wild Wild Country na Netflix, labarin mabiyan wani shehin Indiya da suka gina gari sukutum a jihar Oregon, abin ya kai a 1984 wasu daga cikinsu suka zuba ƙwayar cuta a abincin gidajen cin abinci, mutum 751 suka kwanta. Akwai tsiraici a wasu wurare, kada ka kunna a tsakar gida. Haka ma Baraka na 1992 da Samsara na 2011, fina-finai marasa magana ko ɗaya da ke yawo da kai ƙasashe fiye da ashirin kowanne, har da ɗawafi da aka ɗauka daga sama. Kyawu kam ba a magana, amma su ma da 'yan wuraren da za ka kau da kai.

Na gida a wannan fanni shi ne The Imam and the Pastor na 2006, a kan Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna. A rikicin 1992 kowannensu na jagorantar matasa a ɓangarensa. Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare. Bai kai awa ɗaya ba.

Yanzu tattalin arziki, inda na fi son ka ɓata lokaci, domin nan ne aka fi yi mana rufa-rufa da manyan kalmomi. Commanding Heights, wanda tashar PBS ta Amurka ta fitar a 2002 kashi uku, zai ba ka taswirar gardamar ƙarni na ashirin: masana tattalin arziki biyu, Keynes da ke cewa gwamnati ta sa hannu a kasuwa in ta rikice, da Hayek da ke cewa ta cire hannunta. Za ka ga yadda ra'ayin Hayek ya yi shekaru a kwandon shara kafin Thatcher ta Birtaniya da Reagan na Amurka su ɗauko shi, da yadda ya bazu zuwa Chile, Poland, Rasha da Indiya. Shiri ne mai tsari, an yi hira da waɗanda suka yanke hukuncin da kansu. Sai dai ya karkata ga 'yan kasuwa-ta-yi-halinta, kuma manyan kamfanoni irin su BP da FedEx na cikin masu ɗaukar nauyinsa.

Da ka gama shi, kada ka bari kwana biyu su wuce, ka kalli Life and Debt na Stephanie Black, 2001. Ƙasa ɗaya ya ɗauka, Jamaika, ya nuna abin da sharuɗɗan bashin IMF, asusun ba da lamuni na duniya, suka yi mata tun daga 1977. Sharaɗin shi ne a karya darajar kuɗi, a janye tallafi, a buɗe iyaka. Sai madarar gari mai tallafin gwamnatocin ƙasashen waje ta cika kasuwa da araha, makiyayan ƙasar suka riƙa buɗe famfon tanki suna zubar da nonon shanunsu a ƙasa don ba mai saye. Manoman albasa da dankali suka bi sahu. Mata suna ɗinka wa kamfanonin Amurka kaya a wani keɓaɓɓen yanki da ba a biyan haraji, a kan kimanin dala 30 a mako. An ba tsohon Firayim Minista Michael Manley dama ya yi magana, an kuma ba wani babban jami'in IMF. Ranar da na fara nuna shi, wani dattijo da ya yi aiki a masaƙa a Kakuri ya ce mini, "Malam, ai wannan labarinmu ne aka canza wa suna." Yana nufin SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida na 1986, lokacin da naira ta fara gangarowa daga kusan kunnen doki da dala, da yadda masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun da suka biyo. Na yarda da shi rabi. Fim ɗin ya yi wa 'yan siyasar Jamaika sassauci, kamar yadda mu ma in muna ba da labarin masaƙunmu mukan manta da rashin wuta, tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin atamfa da 'yan'uwanmu ne ke yi.

Inside Job na 2010, wanda ya ci kyautar Oscar, shi ne mafi sauƙin bayani a kan rugujewar tattalin arzikin duniya ta 2008. A taƙaice: bankuna sun ba mutanen da ba za su iya biya ba bashin sayen gida, suka ɗaure basussukan dami-dami suka sayar wa masu zuba jari a duniya, kamfanonin da ke auna ingancin takardun suka buga musu hatimin lamba ɗaya saboda masu sayarwar ne ke biyansu. Da masu gidaje suka kasa biya, sai ginin ya rufta, bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba 2008. Wurin da na fi so shi ne inda aka titsiye wani farfesan Jami'ar Columbia da ya rubuta rahoton yabon bankunan Iceland, aka nuna an biya shi dala 124,000, bankunan kuma suka rushe bayan shekara biyu. Guguwar ta iso mu: hannayen jari suka zube a Legas, a Agustan 2009 Sanusi Lamiɗo Sanusi yana gwamnan Babban Banki ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, aka zuba musu naira biliyan 420.

Stealing Africa na 2012 ya buɗe da wani ƙauye a Suwizalan da harajin mutum ɗaya, shugaban kamfanin ma'adinai na Glencore a lokacin, ya yi wa yawa har mazauna suka rage wa kansu haraji, sannan ya koma Zambiya inda kamfanin ke haƙo tagulla a lokacin. Zargin fim ɗin shi ne kamfani kan sayar wa reshensa na waje ma'adini da araha a takarda, riba ta bayyana can, asara ta bayyana nan, gwamnati ta tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ka haɗa shi da La colère dans le vent na Amina Weira, 2016, 'yar Arlit da ta koma garinsu ta zauna da mahaifinta, tsohon ma'aikacin mahaƙar yuraniyom, da sauran mutanen da iskar hamada ke kwaso wa ƙurar mahaƙa har cikin ɗaki.

Sai Zinder na Aïcha Macky, 2021. Wannan da Hausar Damagaram aka yi shi, ba ka bukatar fassara. Ta shiga unguwar Kara-Kara, wadda asalinta matsugunin kutare ce da aka ware, ta zauna da 'yan "palais", majalisun samari marasa aiki masu ɗaga ƙarfe da faɗan daba, da mai fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Najeriya. Ba masanin tattalin arziki ko ɗaya a ciki, amma ban san fim ɗin da ya fi shi nuna abin da zaman banza ke yi wa saurayi mai ƙarfi a jika ba. 'Yar garin ce, shi ya sa suka faɗa mata abin da ba za su faɗa wa Bature ba.

A fasaha, kowa The Social Dilemma na 2020 zai ce maka. Kalle shi, yana bayyana yadda aka ƙera Facebook da YouTube don su riƙe idonka su sayar wa masu talla. Amma masu ba da labarin su ne waɗanda suka gina abin suka yi kuɗi, yanzu suna tuba a gaban kyamara, ga kuma wani ɗan wasan kwaikwayo na iyali da aka cusa wanda bai yi armashi ba. The Great Hack na 2019 ya fi shi nama: labarin kamfanin Cambridge Analytica da ya kwashi bayanan masu Facebook har miliyan 87. Ya shafe mu kai tsaye, domin jaridun Ingila sun fallasa a 2018 cewa an ɗauko kamfanin ya yi aiki a zaɓen Najeriya na 2015.

Coded Bias na 2020 ya fara da Joy Buolamwini, 'yar asalin Gana mai bincike a jami'ar MIT ta Amurka, wadda manhajar gane fuska ta ƙi ganinta sai da ta sa farin abin rufe fuska. Da ta auna manhajojin manyan kamfanoni, kuskurensu a kan fararen maza bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, a kan baƙaƙen mata kuwa ya kai kusan kashi 35. Dalilin shi ne hotunan da aka horar da na'urar da su yawanci na farare ne. Yanzu da banki da rumfar zaɓe da rajistar layin waya duk fuskarka suke nema, batun ya zo ƙofar gida. In kuma kana son sanin inda wayarka ta fito da inda za ta ƙare, Blood in the Mobile na 2010 ya shiga ramukan ma'adinai na gabashin Kwango, Welcome to Sodom na 2018 kuma ya zauna a bolar Agbogbloshie ta Akra, inda a lokacin samari, da yawansu 'yan ci-rani daga arewacin Gana, ke ƙona wayoyin lantarki don ciro tagulla. Shi wannan na biyun 'yan Gana da dama sun soke shi da cewa ya zuzuta munin wurin don ya burge Turawa.

Wanda na fi so duk a fannin shi ne AlphaGo na 2017. Go wasa ne na Sin da Koriya da Japan, ka ɗauke shi kamar dara amma a fili mai layi 19 tsaye 19 kwance, yawan hanyoyinsa ya sa masana suka ɗauka kwamfuta za ta daɗe ba ta kai gwanaye ba. A Maris 2016 a birnin Seoul, manhajar kamfanin DeepMind ta kara da Lee Sedol, gwanin da ya ci kofin duniya sau 18. A wasa na biyu ta ajiye dutse na 37 a inda masu sharhi suka ɗauka kuskure ne, ashe shi ne ya ci wasan. Kyamara na kan fuskar Lee lokacin da ya dawo daga shan iska ya ga dutsen. Ya sha kashi uku a jere, ya fito ya ba mutanen ƙasarsa haƙuri, sannan a wasa na huɗu ya yi wata ajiya da ta rikita na'urar ya ci. An tashi 4 da 1, kuma a 2019 ya yi ritaya daga wasan. Ba sai ka iya Go ba, ni ma ban iya ba. Duk surutun ƙirƙirarriyar basira da ake yi yanzu, a nan za ka ga ranar da abin ya fara ba masu yin sa kansu tsoro. Ka dai riƙe a ranka cewa labarin daga ɓangaren kamfanin aka ba da shi.

Batun data: AlphaGo na nan kyauta a YouTube, haka Stealing Africa da sauran fina-finan jerin Why Poverty, kuma tashoshin DW Documentary da Aljazeera suna saka cikakkun shirye-shirye kyauta. Ka sayi datar dare ka sauke a 360p ko 480p, a fuskar waya ba za ka ga bambanci ba. Ka kunna rubutun fassara na ƙasa ko da kana jin Turanci, domin karin harshen Jamaika sai da shi, Jaguar kuma da Faransanci yake. Baraka da Samsara ne kawai zan ce ka jira sai ka samu babbar talabijin. Into Great Silence kuwa kada ka kai shi majalisa, abokai za su kashe maka shi da surutu cikin minti biyar; ka bari sai bayan Isha'i, gida ya yi tsit, ka sa abin ji a kunne.